Neman shawara kan gwajin kwalliya kafin bikina

Amarya daga Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Za a ɗaura aurena a farkon Janairu in Allah ya kai mu, kuma Asabar mai zuwa zan je gwajin kwalliya a shagon wata mata a Adum, cikin Kumasi. Tun farko gwaggona ta so a ɗauki matar da ta yi wa yayata kwalliya bara, saboda maƙwabciyarta ce kuma adashinsu ɗaya, amma duk wanda ya ga hotunan walimar ya san fuskar yayata ta fito fari fat alhali wuyanta baƙi ne, har yau ta hana a rataye hoton a falo. Da na ƙi, gwaggo ta daina ɗaukar wayata, ni kuwa na riga na tura wa matar Adum rabin kuɗin ta MoMo, wato ta waya. Ban san abin da ake zuwa da shi ba, ga shi ranar Juma'a zan fara dilka da halawa.

Hajiya mai atamfa a Kejetia:
Wa'alaikumussalam 'yata. Ki ɗage dilkar nan zuwa bayan gwaji, domin fatar da aka murje jiya takan yi ja, kuma idan ƙuraje suka feso ba za ki san ko dilkar ce ko hodar ba. Ki tafi da ɗankwalinki da mayafi da ƙyallen leshin da za ki sa. Ki ce a zaunar da ke kusa da taga da rana, a gwada fawundeshan a gefen muƙamuƙi inda fuska ta haɗu da wuya, kada ki yarda da gwajin bayan hannu. Idan an gama, a ɗauke ki hoto da filasha a cikin ɗaki, domin abin da ya sami yayarki farar hoda ce da aka labta, wadda take mayar da hasken kyamara. Sannan kada ki wanke fuskar. Ki shiga motar haya ta trotro da ita, ki ratsa Kejetia da zafin rana, ki duba madubi da la'asar.

Uwargida daga Asawase:
Hajiya, ki yi haƙuri, amma gwajin Nuwamba ba zai nuna mata komai game da Janairu ba. Yanzu gumi ake yi, lokacin kuwa hunturu ne, leɓe yana tsagewa, hoda tana kwanciya a kan busasshiyar fata. Ni ma na biya kuɗin gwaji, aka yi mini kwalliya mai kyau, amma ranar biki matar ta karɓi amare biyu, ta turo mini yarinyar da take koyon aiki a wajenta, ita ma ba ta iso ba sai da dangin ango suka cika tsakar gida. Har yau ba a mayar mini da ko sidi ɗaya ba.

Hajiya mai atamfa a Kejetia:
Wannan laifin rashin ƙulla magana ne, kuma ai a wajen gwajin ake ƙulla ta: wa zai zo, ƙarfe nawa, har da ɗaurin ɗankwali ko babu. Amarya, wane mai kike shafawa? Ina tambaya ne saboda tun 2016 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta hana shigo da man bilicin mai sinadarin haidirokwinon, amma har yanzu ana cusa wa amare shi da sunan man gyaran jiki, kuma launin da aka zaɓa yau ba zai dace da fuskar da ta canja nan da wata guda ba.

Malamar Islamiyya daga Tafo:
Ƙanwata, ba wanda ya tuna miki da alwala. Ki tambayi matar ko kayanta suna hana ruwa isa fata, musamman gashin ido na kanti da ake liƙawa da gam. Ki tsara a fara kwalliyar bayan azahar kina da alwala. Baƙin lallen da ake haɗawa da rini ma ki gwada shi a ɗan wuri kwana biyu kafin ƙunshi, yana ƙona wasu.

Amarya daga Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai dilkar ba za ta ɗagu ba, surukata ce ta biya kuma ba zan fara zama da ita da musu ba. Matar Adum ɗin kuma na ga aikinta a Instagram, amarenta duka suna fitowa da kyau, ban ga dalilin da zan tsare ta da tambayoyi kamar ina zarginta ba. Man kuwa ƙawata ce ta haɗa mini, ba bilicin ba ne.

Hajiya mai atamfa a Kejetia:
Hotunan Instagram gyara su ake yi, 'yata. Me ƙawar taki ta zuba a cikin man?

Uwargida daga Asawase:
Wadda ta turo mini 'yar koyo ma a Instagram na same ta. Ni shawarata ki sasanta da gwaggonki, ko banza maƙwabciyarta ba za ta makara ba.