Abin da aka tattara kan tunawa da marigayi hafsan jirgin ƙarƙashin teku

'Yar'uwarmu da ta rasa mahaifinta, tsohon hafsan sojan ruwan Amurka, ta nemi shawara kan yadda za a tuna da shi. Ga abin da jama'a suka ce:

1. Kusan kowa ya ce ta fara da rayuwarsa ta gida kafin aikinsa na kaki. A da, irin waɗannan hafsoshi kan yi wata biyu ko uku a ƙarƙashin ruwa, ba waya, sai guntun saƙon iyali da ake aika musu, su kuwa ba halin amsawa. In mahaifiyarta ta adana kwafin saƙonnin, a karanta ɗaya a wurin taro. Ni ma nan na fi karkata.

2. Bajonsa na zinariya mai siffar kifayen dolfin, alamar hafsoshin jirgin ƙarƙashin teku, a ajiye wa jikoki tare da tutar Amurka da ake naɗewa a ba iyali a wurin jana'iza.

3. Kada ta matsa wa abokan aikinsa kan inda suka je. Da yawa har yanzu sirri ne.

4. An rabu kan makwanci. Wasu sun ce teku, tunda rundunar na yin haka, amma iyali ba sa halarta. Wasu suka ce a'a, a samu kabarin da matarsa za ta riƙa ziyarta.