Rim inci 20 a motar gudu: gyara ne ko lalatawa?

Mai Tada Magana:
Assalamu alaikum jama'a. Abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Mota ta fito daga kamfani da rim inci 18 da taya 225/40R18 (wato faɗin taya milimita 225, tsayin gefenta kashi 40 cikin 100 na faɗin, rim inci 18), an auna mata birki da shoka da sitiyari a kan wannan, sai mutum ya cire ya ɗora inci 20 don a kalle shi. Gefen tayar da yake milimita 90 ya koma ƙasa da 70, nauyi ya ƙaru a wurin da ba a son nauyi, rami ɗaya ya lanƙwasa bakin rim. Wannan lalata mota ne, kuma masu sayarwa ba sa faɗa wa mutane gaskiya.

Ɗan Jamus:
Wa alaikumus salam. Malam, ka janye kalmar "lalata". Abin da ya lalace shi ne abin da ya daina aiki. Ga lissafi: inci 18 milimita 457 ne, ka ƙara gefe biyu na 90, tsayin taya gaba ɗaya 637. Idan ka sa 225/30R20, inci 20 milimita 508 ne, gefe biyu na 67.5, ya kama 643. Bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Agogon gudu bai canza ba, ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, bai ruɗe ba. Me ya lalace?

Mai Tada Magana:
Ba na janyewa.

Oga Makanike:
Ɗan Jamus, lissafin tsayinka daidai ne, amma ka tsallake lamba ɗaya. Bayan girman taya akwai lambar ɗaukar nauyi. 225/40R18 mai XL, wato wadda aka ƙarfafa don ƙarin nauyi, galibi 92 ce, wato kilo 630 kowace taya. 225/30R20 galibi 85 ce, kilo 515. Motar da injinta ke gaba, nauyinta a gaba yake, kuma idan aka taka birki da ƙarfi nauyin ƙara taruwa yake yi a can. Tayar da ba ta kai lambar da aka rubuta a jikin ƙofar direba ba za ta riƙa yin zafi, gefenta ya yi ƙulu. Shi ya sa da yawa ke gudu zuwa 245/35R20, sai tsayi ya tashi zuwa kusan 680. Wannan ya haura kashi 6 cikin 100: agogo na nuna 100 kana kan 107, mota ta yi nauyin tashi, taya na gogar madigadi idan an juya sitiyari ƙarshe.

Ɗan Jamus:
Oga, wannan kuskuren zaɓen taya ne, ba laifin rim ba. Har yanzu ba a nuna min lalacewa ba.

Ɗan Japan:
Ai lalacewa ba sai abu ya karye ba. Wuƙar da ta dakushe ba ta karye ba, amma kowa zai ce ta lalace. Motar gudu an yi ta ne don tashi, tsayawa da shan kwana. Duk abin da ya rage waɗannan ukun ya lalata ta.

Ɗan Jamus:
To ka ce "ragewa". Ragewa daban, lalatawa daban. Kuma ko ragewar ma ban yarda da ita a kwana ba. Gajeren gefe ba ya lanƙwashewa, kana juya sitiyari mota ta amsa. Gasar tseren motoci ta Formula 1 da kanta ta bar inci 13 ta koma inci 18 a 2022.

Ɗan Japan:
18 suka koma, ba 20 ba. Kuma tayarsu gaba ɗaya ta ƙara tsayi, daga milimita 670 zuwa 720, saboda haka gefen nasu har yanzu ya fi na motar titi mai inci 20 tsawo nesa ba kusa ba. Sannan saurin amsawar sitiyari ba shi ne riƙon ƙasa ba. A kwanar da ba ta da laushi, ƙafa mai nauyi tana tsalle, shoka ba ta iya mayar da ita ƙasa da wuri, tayar da ke sama kuwa ba ta riƙe komai. Ku masu motocin Jamus kun saba da nauyi, shi ya sa ba kwa jin bambancin.

Ɗan Jamus:
Yanzu magana ta fito. Dama ba rim ne damuwarka ba. Motocin da kake zagi su ne ke fitowa da birkin da inci 17 ba zai ma rufe shi ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Ku yi haƙuri, duk kun bar abin da ke cutar da mutane. Inci ba shi ne babban haɗari ba, ET ne. ET shi ne nisan da ke tsakanin fuskar da rim ke zama a kan hob (ƙarfen ƙafar mota da ake ɗaura rim a kai) da tsakiyar faɗin rim ɗin, da milimita. Ka ɗauki 18x8 ET45 (rim inci 18 mai faɗin inci 8) ka koma 19x8.5 ET35. Rabin inci na faɗi milimita 12.7 ne, kowane ɓangare ya samu kusan 6. ET ya sauka da 10, wato rim ya matsa waje da 10. Bakin waje ya fito da kusan 16, bakin ciki ya nisanci shoka da kusan 4. Kafin ka biya kuɗi, ka ɗora miƙaƙƙen katako a jikin madigadi ka auna tazarar da ke tsakaninsa da tayar yanzu. Idan ba ta kai 16 ba, gogawa za ta yi duk lokacin da mota ta nutse. ET da ya yi ƙasa sosai kuma yana ƙara wa boris wahala, yana sa sitiyari fizga idan an taka birki a hanyar da ba ta daidaita ba.

Oga Makanike:
Hajiya ta faɗi gaskiya. In ƙara da uku. Ramukan kusa: yawancin Volkswagen, Audi da Mercedes 5x112 ne, wato kusa biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112, tsofaffin BMW 5x120, yawancin Honda da Nissan da Toyota masu kusa biyar 5x114.3. Tsakanin 112 da 114.3 ido ba ya gani, kusa za ta shiga a karkace, ta riƙa kwancewa. Ramin tsakiya: na Volkswagen Golf milimita 57.1 ne, rim na kasuwa galibi ya fi haka faɗi, dole a sa zoben da zai cike giɓin, in ba haka ba sitiyari zai riƙa karkarwa a babban gudu ko an yi balansin sau goma. Na uku mazaunin kusa: rim na asali na Volkswagen zagaye ne mazauninsa, na kasuwa yawanci mai tsini ne na digiri 60. Kar a haɗa kusar wannan da rim ɗin wancan.

Ɗan Japan:
Kun gani? Mu noti muke ɗaurawa a kan kusar da ke kafe a hob. Ba ruwanmu da riƙe rim da gwiwa ana neman rami.

Ɗan Jamus:
Amma idan za ka sa sifesa, faifan da ake sawa tsakanin hob da rim don tura rim waje, sai ka buge kusoshin hob ka sa dogaye. Ni kusa mai ƙarin milimita 10 kawai zan saya.

Oga Makanike:
Sifesa kam ban cika so ba, amma in dole ne, ta kasance mai leɓen da ke zama a kan hob, kuma zaren kusa ya shiga aƙalla gwargwadon kaurinta. A ɗaure da sifanar awo yadda littafin motar ya ce, galibi tsakanin 110 da 140 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), a tsallake-tsallake kamar tauraro, a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100.

Ɗan Jamus:
Oga, sifesa mai kyau ba ta da bambanci da rim mai ƙaramin ET.

Oga Makanike:
A lissafi haka ne. A aiki, fuska biyu ce za ta iya yin tsatsa ko datti maimakon ɗaya.

Mai Tada Magana:
Jama'a, maganata a kan inci 20 ce da masu sayarwa da ke ɓoye gaskiya. Babu wanda ya taɓa wannan.

Admin:
Bari in tattara, tunda magana ta yi tsawo. An fahimci cewa kalmar "lalata" ta yi tsauri, kuma babban rim ba shi da illa matuƙar tsayin taya bai kauce da fiye da kashi 3 cikin 100 ba. Mafi dacewa shi ne inci 19 na foji, wanda aka matse shi daga dunƙulen alminiyon, domin yana iya fin na zubi mai inci 18 rashin nauyi, da taya 235/35R19: tsayi 647, lambar nauyi 91. A kiyaye ET da ramuka kamar yadda Hajiya da Oga suka bayyana.

Ɗan Japan:
Admin, waye ya ambaci inci 19 na foji in ba kai ba? Kuma idan fojin za a saya, na inci 18 ya fi na 19 ɗin rashin nauyi. 18x8.5 da 235/40R18, tsayi 645, gefe milimita 94, faɗin taya ɗaya da naka.

Hajiya Mai Lissafi:
Kashi 3 ɗin ma a gyara. Wannan na mota ce da ta canza ƙafa huɗu iri ɗaya. Mai jan ƙafa huɗu da ya sa faffaɗa a baya, tsayin gaba da baya dole ya zo kusan ɗaya, in ba haka ba abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya zai riƙa aiki ba hutu yana zafi. Kuma ko ET da inci sun yi daidai, ƙirar hannayen rim na iya taɓa kalifa, wato abin da ke matse faifan birki. A gwada ɗaya a ƙafar gaba, babu taya, a juya shi da hannu kafin a ɗaura wa sauran ukun.

Ɗan Jamus:
Har yanzu ina jiran a janye kalmar.