Neman shawara: ina so in ɗaura kyamara a hular kwano, ko zai yi mani amfani?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan cikin garin Sakkwato, shekarata shida a sana'ar. Boxer ɗin da nake hawa na kawuna ne, kullum bayan isha'i nake kai mai balas.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, na ɗauko wata dattijuwa daga Babbar Kasuwa zan kai ta Mabera, da kwandon tumatir a cinyarta. Muna cikin shataletale wata mota ta faɗo ta damana, ko birki mai ita bai taka ba, ta doki ƙafar baya. Tumatir ya watse a kwalta, baiwar Allah ta kurje gwiwar hannu, ni kuma madubina ya tafi. Mai motar ya fito yana gyara babbar riga yana daka mani tsawa, wai ni na shiga gabansa. Da mutane sunka taru, abin da na fara ji shi ne "ai kun san halin 'yan kabu-kabu". Dattijuwar nan ta faɗi gaskiya har sau biyu, babu wanda ya juyo ya dube ta. Ƙarshe ni na biya gyaran motar, na biya tumatir, aikin kwana huɗu ya tafi. Wallahi kuɗin bai yi mani ciwo ba kamar yadda anka yanke mani hukunci ba a tambaye ni ba.

Wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da nake ɗauka ya nuna mani bidiyon masu babura a ƙasashen waje da 'yar kyamara a hular kwano, tana ɗaukar duk abin da ya faru a hanya. Tun ranar abin ke raina. Wace iri ta dace da mu? A hula ake sa ta ko a jikin babur? Za ta jure zafinmu? In magana ta kai gaban hukuma, ana karɓar bidiyon? Kuma babu laifi a ɗauki mutane ba su sani ba? Ku taimaka mani don Allah.

Wani mai gyaran waya: Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba, ya mayar da alheri. Kafin komai, kada wani ya ce maka ka ɗaure wayarka a kan babur ta yi aikin. Girgizar inji tana kashe kyamarar waya, har kamfanin Apple ya fitar da gargaɗi a kan haka a 2021, kuma ni da hannuna na buɗe wayoyin da hotonsu ke rawa saboda wannan. Ka nemi wadda aka yi don wannan aikin. GoPro da DJI da Insta360 su ne manya, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai kai balas. SJCAM da ire-irenta sun fi sauƙi kuma sun isa a ga lambar mota da rana.

Zafi shi ne babbar matsalarka. A watan Afrilu garin nan yana wuce digiri 40, kyamarar kuma tana ɗaukar nata zafin in tana aiki. In ka sa ta a 4K, wato saitin hoto mai tsananin kyau, tana iya kashe kanta kana tsakiyar hanya. Bar ta a 1080p, saitin da ke ƙasa da shi. Batirin irin waɗannan da ƙyar yake kai awa ɗaya da rabi, kai kuwa tun safe kake bisa titi, don haka sai an ja mata wuta daga babur. A cikin saitinta ka kunna wanda ke sa ta riƙa goge tsohon bidiyo da kanta in katin memori ya cika, ba sai ka tsaya kana sharewa ba. Katin ma ka yi hattara, na jabu sun cika kasuwa: a jiki an rubuta 64GB, ranar da kake neman bidiyon ka tarar babu komai. In ka saya, ka cika shi, ka buɗe a kwamfuta ka gani da idonka.

Wani bakanike a Ƙofar Atiku: Ƙanena, abu ɗaya nake roƙonka, kada ka huda hular kwano da ƙusa ko noti. In ka huda ta ka raunata ta, ranar faɗuwa kuma ƙarfen nan kanka zai nema. Akwai abin liƙawa mai gam da ke zuwa tare da kyamarar. Ka goge wurin ya bushe sarai, ka manna, ka bar shi ya kwana kafin ka hau. In hularka mai rufe haɓa ce, a haɓar ya fi, don a tsakar ka iska na jan wuya, yamma ta yi ka ji wuyanka ya sage.

Zancen wuta, kawo in ja maka ta bayan makulli, da fis, yadda in ka kashe babur ita ma ta mutu. Na ga yaran da sunka haɗa kai tsaye da batir, gari ya waye babur ya ƙi tashi.

Ni dai na fi son ta hula. Ta jikin babur gaba kawai take kallo, ta hula kuwa duk inda ka juya kai nan take gani, kuma in ka shiga masallaci da hularka kake tafiya, ba ka bar wa ɓarawo ba. Lokacin hunturu ka riƙa goge gilashin da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba ƙura kawai za ka ɗauko.

Wani tsohon ɗan kabu-kabu: Yaro, ka ma mallaki hular ta ƙwarai? Ina bisa babur sa'adda 'yan rod sefti sunka fara kamen hular kwano ranar 1 ga Janairun 2009, har wasu a Kano sunka riƙa kifa ƙwarya a ka don gudun tara. Yau dubi titi, mutum nawa ka sa ta? Kowa shina cewa zafi. In wanga na'ura ita za ta sa ka riƙa sa hula kullum kana ɗaure igiyarta, to ko ba ta ɗauki komi ba ta biya kuɗinta. Na binne abokan sana'a waɗanda rauninsu a kai kaɗai yake.

Wani lauya: Malam, ana karɓa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da shaidar da aka samo daga na'ura, da sharaɗin a nuna na'urar na aiki daidai, a haɗa da takardar da ke bayanin yadda aka samo bidiyon. Abin da ke kanka shi ne ka saita kwanan wata da lokaci daidai. In abu ya faru, cire katin nan take ka adana, kada sabon ɗauka ya hau kansa. Kada ka yanke, kada ka sa masa sauti ko rubutu. Ka ba da kwafi, asalin ya zauna wurinka. Yawancin irin rigimarka ma ba ta kai wa kotu, a bakin titi ake kashe ta, kuma mai motar da ya ga lambarsa a bidiyo yakan sauke murya.

Sai dai ka sani kyamarar ba ta san mai ita ba. Ranar da kai ne ka bi hannun da ba naka ba ko ka ɗauki mutum uku, haka za ta nuna. Kuma in ka doshi shingen sojoji ko bakin barikin Giginya, kashe ta.

Wata 'yar uwa daga Arkilla: Ƙanena, na ji zafin abin da aka yi maka, ka saya. Amma ni mai hawa kabu-kabu ce kullum zuwa wurin aiki, kuma gabana ya faɗi da na karanta. Mu mata a bayan babur muke amsa waya, mu yi maganar gida, wata asibiti za ta ba ta so a sani, wata daga gidan miji ta fito da hawaye. Ranar da na ga fuskar wata a TikTok ana dariyar yadda ta hau babur, kwana na yi ina tunanin iyayenta. Don girman Allah ka kashe ɗaukar sauti, kada ka juyo da ita kan fasinja, in kuma ka shiga lungu ka sauke mace a ƙofar gidansu, ka kau da kai. Duk wadda ta tambaye ka mene ne wannan a hularka, ka gaya mata gaskiya, in ba ta yarda ba ta hau wani.

Wani malamin Islamiyya: Hajiya ta riga ni. Tanadar hujja don kare haƙƙinka babu laifi a ciki. Abin da aka hana shi ne bin diddigin asirin mutane, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurat aya ta 12, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa. In ka ɗauki haɗarin wani, ka kai wa iyalansa ko hukuma, kada a ga gawar ɗan mutane tana yawo a WhatsApp kafin uwarsa ta ji.

Wani mai bin hanyar Goronyo: Cikin gari kawai, ɗan uwa. In lodi ya fitar da kai gabas, wajen Rabah ko Isa ko Sabon Birni, cire ta ka bar ta gida. A halin rashin tsaron da ake ciki, mutum da kyamara a ka sunansa infoma, kuma kowane ɓangare ya gan ka ba zai tsaya jin bayani ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, gaskiyarka, hular da nake da ita ta tsage tun bara, igiyarta ma ta tsinke, don haka ita zan fara saye a satin nan, mai rufe haɓa. Na yi magana da kawu, ya ce zai sa rabin kuɗin kyamarar tunda babur ɗinsa ne, in riƙa biyan sauran a hankali cikin balas. Hajiya, na yi maki alkawari sauti a kashe zai zauna, kuma babu abin da zai fita daga katin nan sai in rigima ta taso. Yaya na Ƙofar Atiku, in kayan sun iso zan shigo ranar Asabar da safe a ja mani wutar.