An maida hoton 'yata sitika a gurup ɗin ajinsu, makaranta kuma wai tablet za mu saya

Maman Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, kwana uku kenan ko barcin kirki bana yi. 'Yata ce tana JSS 2 a wata makarantar kuɗi a nan Kaduna, jeka ka dawo ce. Tun bayan hutun ƙaramar sallah kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo ko kanta, har kemis na kai ta sau biyu ashe ba ciwo ba ne. Ƙanwata ce ta gano, wai ranar wasannin makaranta ta faɗi wajen gudu hijabinta ya zame wata ta ɗauke ta hoto, suka maida shi sitika suna ta yawo da shi a WhatsApp, duk wanda ya yi magana sai a manna masa hotonta a yi ta dariya, har suna suka laƙa mata wanda ba zan iya rubutawa a nan ba. Akwai gurup ɗin da malamin aji ya buɗe saboda aikin gida, to su yaran sai suka buɗe nasu daban babu malami a ciki, a can ake yin abin.

Na je wajen firinsifal ta ce min wai abin da ya faru a waya a gida ya faru, ba huruminsu ba ne. Sai kuma ga takarda a satin nan wai zango mai zuwa kowane yaro zai riƙe tablet kuma za su saka kamarar CCTV, saboda WAEC da NECO za su koma kwamfuta, kuɗin da suka yanka ya kusa kuɗin makaranta na zango guda. Babansu ya ce a ƙwace wayar kawai a huta (wayar ma tawa ce tsohuwa na ba ta). Ni kuma na rasa, in ƙwace ne, in cire ta ne, ko in biya kuɗin ko kamarar za ta yi maganin abin?

Malamar Lissafi

Wa alaikumus salam Maman Biyu, sannu, Allah ya sanyaya mata. Shekarata 14 ina koyarwa, kuma abu na farko da zan roƙe ki shi ne kar ki ƙwace wayar nan yanzu. Ita aka zalunta, in kuma ita aka hukunta to kin koya mata cewa faɗa miki gaskiya asara ce, gobe ko me za a yi mata ba za ki ji ba. Ki duba fa, ba ke ta gaya wa ba, ƙanwarki ce ta gano, tsoron me take ji in ba wannan ba? Ku zauna ku ɗauki sikirinshot na komai da kwanan wata da lambobin da suka turo kafin su goge, sannan ta fita daga gurup ɗin.

Maganar firinsifal kuwa gudun nauyi ne kawai. A filin makarantarta aka ɗauki hoton, ɗalibanta ne, kuma a bencin ajinta yarinyar take zama da su kullum. Ki koma amma kar ki je da baki, ki rubuta takarda kwafi biyu su sa hannu a ɗaya ki riƙe, ki ba ciyaman ɗin PTA ma. Wlh makarantun kuɗi ba abin da suke tsoro kamar takarda. Ki tuna musu abin da ya faru a wata makarantar kuɗi a Gwarinpa Abuja a watan Afrilun 2024, da bidiyon yarinyar da ake ta mari ya fita duniya, ministar harkokin mata da kanta ta je aka rufe makarantar kwana uku. Kuma a 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da manufa ta ƙasa kan hana cin zali a makarantu, ba alfarma kike nema ba.

Abin da na gani da idona a aji shi ne mai cin zali 'yan kallo take wa wasa. Mutum biyu ko uku ne ke ƙulla abin, sauran talatin ɗin su tura alamar dariya su wuce, to su ne man fetur ɗin. A Finland akwai wani shiri KiVa da jami'ar Turku ta tsara, kan 'yan kallon nan ya fi maida hankali. Ni ban san da shi ba ma lokacin da na fara, kawai na lura in na kira 'yan mata biyu masu faɗa a ji a ajin na ce ku ja wance a jiki lokacin tara, cikin sati biyu abin ya mutu murus, ya fi bulala goma.

Tsohon Firifet

Hajiya ni bari in faɗi nawa ko da zai ba ni kunya. Makarantar kwana na yi, an ci zalina a aji ɗaya, wankin siniyoyi, ɗebo ruwa da asuba cikin sanyi, a ƙwace maka gari da suga ranar da aka kawo maka ziyara, da na kai SS 3 ni ma na rama a kan 'ya'yan mutane muna cewa ai haka ake zama namiji. Har yau akwai wanda in na hango shi a kasuwa nake sauya hanya.

Kamara kam ki manta. Mu a zamaninmu mun san inda hausmasta baya zuwa, bayan ɗakin wanki da bayan banɗaki, yaran yanzu kuma cikin kwana biyu za su haddace inda idon kamara baya kaiwa, balle naki da a cikin waya yake. Sai dai ba zan zagi waya gaba ɗaya ba, da a lokacinmu akwai ta da wasu sun sha da ƙyar. Kin ga na kwalejin gwamnatin tarayya ta Enugu a Nuwamban 2024, bidiyo ne ya fita aka dakatar da ɗalibai 13, da ba bidiyon nan da shiru kake ji. Bambancin kawai mu in an yi hutu ka tsira wata guda, su kuwa abin yana bin su har kan katifa.

Kawu Na Tudun Wada

Ni dai ina bayan maigidanki. Me yarinya 'yar shekara 12 za ta yi da WhatsApp fisabilillahi? Turawan da suka ƙero abin ma ja da baya suke yi, Faransa tun 2018 ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare, Ostireliya kuma ta yi doka ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga irin su TikTok da Instagram. Mu ne kullum sai an gama yayin abu muke ɗauka da zafi.

Malamar Lissafi

Kawu gaskiyarka a kan shekaru, nima ban ba nawa ba. Amma in za a hana a hana duka ajin a taron PTA, ba ita kaɗai ba. In ka ƙwace tata sitikar na nan tana yawo, sai dai ta shiga aji ana dariya ba ta san dalili ba.

Mai Santar CBT

Anti ni ta ɓangaren tablet ɗin zan yi magana tunda sana'ata ce. Maganar jarrabawa ta koma kwamfuta gaskiya ce, JAMB tun 2015 ta koma gaba ɗaya, WAEC ta fara da masu zana ta kansu a farkon 2024, kuma duk shekara ina ganin yara masu ƙoƙari da hannunsu ke rawa a kan maus saboda ranar suka fara taɓa shi, abin tausayi, minti goma ya tafi wajen neman inda za a danna. To amma wannan ɗakin kwamfuta yake buƙata mai sola da malami, yaro ya shiga sau biyu a sati ya saba da kibod, ba wai kowa ya rungumi tablet ya tafi da shi gida ba. Jarrabawar ma ai ba a tablet ɗin gida ake yin ta ba.

In sun dage ki tambaye su a gaban iyaye: za a kulle shi ne yadda yaro ba zai iya sauke manhaja ba, kamararsa a buɗe take ko a rufe, wa ke da iko da shi, in ya fashe wa zai biya, sannan bidiyon CCTV ɗin wa ke kallo kuma kwana nawa ake ajiye shi, tunda 'ya'ya mata ne a ciki. Ana iya kulle duk waɗannan, ba wuya, amma yawanci ɗan kwangila ne ya kawo kaya ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Makarantar da ta ce gurup guda ɗaya ba huruminta ba ne ban ga yadda za ta kula da tablet ɗari uku ba.

Sitika kuma gaskiya ba ta gogewa daga nesa, duk wanda ya adana ta tana wayarsa, sai dai a tara iyayen a goge a gabansu. Wasu za su ce ki kai 'yan sanda saboda dokar laifukan intanet ta 2015, ni ban ba ki shawara ba a kan yara 'yan shekara 12, ki bar shi a matsayin abin da za ki ambata in makaranta ta yi taurin kai.

Maman Biyu

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na karanta wa babansu duka, ya yi shiru dai bai ce komai ba amma bai karɓi wayar ba. Mun ɗauki sikirinshot jiya da daddare, tana nuna min tana kuka ina kuka, ashe wadda ta ɗauki hoton ma ƙawarta ce da suke zuwa islamiyya tare, uwarta na sani sosai har biki muna haɗuwa. Yau da safe na kai takardar, firinsifal da ta ga kwafi biyu sai murya ta canza ta ce in dawo ranar Alhamis za ta kira iyayen mutum huɗu. Kuɗin tablet ban biya ba tukun, na tura tambayoyin Mai Santar CBT a gurup ɗin iyaye har mutum shida sun ce su ma sai an amsa.

Yanzu abin da ya rage min, Malama, in kira uwar yarinyar nan kafin Alhamis ko in bari mu haɗu a ofis? Bana so ta ji a bakin makaranta ta ce na kai ƙarar 'yarta ban neme ta ba, kuma bana so in kira ta a goge komai kafin ranar.