Tsatso ya addabi latas ɗina, ina neman shawara

Maman Yara, Zariya:

Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bayan gida, fangali shida, inda nake shuka latas da alayyahu da karas idan sanyi ya shigo. Bana, da yake ruwan rijiyarmu ya ja baya, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan fangalan domin ƙasar ta riƙe laima, kuma dabarar ta yi amfani. Sai dai tun mako biyu da suka wuce nake tarar da ganyen latas da huji-huji kowace safiya, ƙananan dashen kuwa wasu an cinye su har kara. Da na ɗaga ciyawar sai na ga ƙwari masu yawa suna guje-guje, dogaye, ruwan ƙasa, kowanne da ƙaho biyu a gindinsa kamar hantsaki, irin wanda a gidanmu muke kira tsatso. Shin su ne ke yi mini wannan ɓarna? In su ne, wane magani zan fesa wanda ba zai cutar da yarana ba, tunda ɗanyen latas muke ci?

Malamin Gona, Samaru:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki sayi kowane magani, ki fara tabbatar da ɓarawon, domin samun tsatso a ƙarƙashin ciyawa bai isa hujja ba. Shi ƙwaro ne mai yawon dare, da rana kuma yana neman wuri mai duhu da danshi ya ɓuya, saboda haka za ki same shi a nan ko da wani ne ke cin ganyen. Ki ɗauki tocila bayan sallar isha'i ki duba fangalan a hankali, dare biyu ko uku a jere. Tsutsa tana barin ƙananan kashi a kan ganye, katantanwa tana barin yauƙi mai sheƙi, gyare da fara kuma sukan gutsure ganye daga gefe ko su datse dashe. Tsatso yakan bar huji marasa tsari a tsakiyar ganye mai taushi, kuma idan shi ne za ki kama shi a kai da idonki.

Abin da ya sa nake jan hankalinki shi ne, wannan ƙwaro yana cin tsiro kuma yana cin 'yan'uwansa ƙwari. Yana cin darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, yana cin ƙwan malam-buɗe-littafin dare da ƙananan tsutsotsi da suka ƙyanƙyashe. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Najeriya a 2016, duk wanda ke leƙa tsakiyar ganyen masara ya san tsatso yana cikin masu farautar ƙwanta. Idan kika feshe lambun gaba ɗaya, kin kashe mai gadi tare da ɓarawo, ga kuma guba a kan ganyen da ba a dafawa. Ni dai ba zan ba ki shawarar feshi a kan latas ba.

Baba Mai Fadama, Kura:

'Yata, maganar malam gaskiya ce, amma ni na ga tsatso ya gama da gadon dashe cikin 'yan kwanaki, don haka idan ya yi yawa dole a rage shi. Hanyar da nake bi ba ta cin kuɗi. Ki samo gwangwanin kifi da aka gama amfani da shi, kada ki wanke, ki zuba man gyaɗa ko tsohon man suya kamar kaurin yatsa ɗaya, sannan ki binne shi har bakinsa ya yi daidai da ƙasa. Ƙarnin kifin ke jawo su, su faɗa cikin man su kasa fita. Gwangwani biyu a kowane fangali sun isa, sai dai ki ɗora ɗan fasasshen kasko a sama, ki bar musu ƙofa, don kada kyanwa ko kaji su riga su.

Tarko na biyu ya dogara ne ga son ɓuyansu. Ki naɗe tsohuwar jarida ko kwali kamar tabarma, ki ɗan yayyafa masa ruwa, ki ajiye tsakanin shuka da magariba. Guntun gora ko yankakken tiyo ma yana yi. Da sassafe ki ɗauka ki kakkaɓe cikin bokitin ruwan sabulu, ko a gaban kaji, don suna son su ƙwarai. Ranar farko da na gwada na ƙwanƙwasa gora ɗaya a bakin bokiti, suka zubo kamar ana zazzage buhu. Wannan aiki yana buƙatar naci na kamar mako biyu, kowace safiya, ba na kwana ɗaya ba.

Game da ciyawar kuwa, ke kika gina musu gida. Ki janye ta daga jikin ƙananan dashe kamar tafin hannu guda, ki kwashe tarin itace da tsofaffin buhuna da ke kusa, ki kuma mayar da ban ruwa zuwa safe domin saman ƙasa ya bushe kafin dare. Idan latas ya yi ƙwari ya fara naɗewa, sai ki mayar da ciyawar.

Ɗalibar Kimiyya, Maraɗi:

Ina so in ƙara abu ɗaya game da yaran, Hajiya. Ƙahonin nan ba su da dafi. Iyakarsu ɗan mintsini idan an danne ƙwaron, kuma maganar cewa yana shiga kunne ya haƙa har ƙwaƙwalwa camfi ne. Na namiji sun fi lanƙwasa, na mace sun fi miƙewa. Macen tana saka ƙwai a ɗan rami cikin ƙasa, ta zauna tana gadinsu tana share su har su ƙyanƙyashe, shi ya sa ɗan sassaƙe ƙasa da fartanya a gefen fangali yake ɓata musu sheƙa. A nan wajenmu muna yawan ganinsu a zangarniyar gero da damina.

Maman Yara, Zariya:

Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Na fita da tocila dare biyu kamar yadda Malam ya ce. A kan latas na ga tsatso da idona suna ci, amma a alayyahu koren tsutsa na samu a bayan ganye, na tsince ta da hannu. Na binne gwangwani a fangalan latas uku kawai, na bar sauran yadda suke, na kuma janye ciyawar daga dashen. Baba, tsohon manja zai iya maye gurbin man gyaɗa, ko zai daskare da sanyin asuba?