"Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa": har ina wannan maganar ta tsaya?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Da wannan karin maganar dattawa ke sasanta ma'aurata da 'yan'uwa: in har harshe da haƙori da ke ɗaki guda suna saɓawa, ina ga mutane. Tambayata, kowace irin rigima ce ake kawo mata ita, ko tana da iyaka?

Ɗan Gobir: Wa alaikumus salam. A ganina ba ta da iyaka, Malam. Haƙuri take koyarwa. Haƙori ya ciji harshe, jini ya fito, amma ba wanda ya bar wa wani bakin. Gobe tare za su ci tuwo.

Maman Hanif: Yaya Ɗan Gobir, iyakar tana cikin bakin kansa. Cizon kuskure, irin na mai cin abinci da gaggawa ko mai surutu da loma a baki, kan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu ba tare da magani ba, domin fatar cikin baki tana saurin haɗewa. Wannan ne saɓanin da magabata ke nufi. Amma akwai turmin haƙori da ya gutsure ya bar kaifi, kullum yana gugar gefen harshe a wuri guda. Wannan gyambon ba ya warkewa ko da me aka kurkure baki, sai likitan haƙori ya goge kaifin, ko ya cike ramin, ko ya cire haƙorin. Haka haƙoran roba da ba su zauna daidai ba suke yi wa dasashi. Saboda haka wanda ake cuta kullum a gida, bai kamata a rufe masa baki da wannan maganar ba.

Ɗan Gobir: Na karɓi wannan, Hajiya. Amma ai ba duk gyambon baki ne laifin haƙori ba. Wani ya kwanta lafiya ya tashi da shi.

Maman Hanif: Gaskiya ne, kuma shi ya fi yawa. Ɗan ƙarami ne zagayayye, bai kai santimita ɗaya ba, tsakiyarsa fari ko ruwan ɗorawa, gefensa ja, a cikin kumatu ko leɓe ko ƙarƙashin harshe. Ba a ɗaukarsa daga wani. Abubuwan da ke tayar da shi: damuwa da rashin barci, ƙarancin sinadarin ayon, folik asid ko bitamin B12 a jiki, lokacin al'ada ga wasu mata, da sinadarin kumfa na SLS da ke cikin yawancin man goge baki. Wanda yake yawan dawo masa, a auna jininsa. Ya riƙa cin hanta, kifi, ƙwai da nono saboda B12, ga wake da ganye irin su zogale da alayyahu.

Maganin gida kuwa: rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi, a kurkure a tofar, sau uku ko huɗu a yini. A dakata da yaji, tsamiya, lemon tsami da shayi mai ƙuna. A yi amfani da burushi mai laushi. Mai aswaki ya tauna kansa ya yi laushi sosai. In za a sayi ruwan kurkure baki na chlorhexidine, mililita 10 ne na minti ɗaya, safe da dare, a bar rabin awa tsakaninsa da man goge baki, kada kuma a daɗe ana yi don yana rina haƙora.

Inna Uwani: 'Yata, ki ƙara musu da abin da ba a yi. Kada a danna ƙwayar asfirin a kan ciwon, kada a shafa kanwa ko toka. Ƙona naman suke yi, ƙaramin ciwo ya koma babba. Haka fasa kafson kashe bakteriya a barbaɗa garinsa a bakin jariri mai farin abu a harshe. Wannan farin, in ba ya gogewa kamar ragowar nono, yawanci fangas ne, kuma maganin kashe bakteriya ƙara masa ƙarfi yake yi. Maganin fangas mai suna nystatin ake ɗigawa, a kuma duba kan nonon uwar, in ba haka ba su yi ta mayar wa juna. Zuma kuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba.

Malam Na-Gwale: Ni inda na bambanta da ku shi ne wanda ake faɗa wa maganar. Harshe ne ke jin zafi, haƙori bai san an yi ba. To a wajen sulhu sai ka ga ana fuskantar wanda aka cuta da ita. Kamata ya yi a fara da mai ƙarfin, a ce ya kula da yadda yake taunawa.

Baban Khalifa: Malam, wannan fassarar ba ta yi nisa ba? Maganar ba ta ɗora wa kowa laifi ba.

Malam Na-Gwale: Ba ta ɗora ba, amma ta zaɓi mai tauri da mai laushi, ba ta ce haƙori da haƙori ba. Kuma akwai cizon da ba laifin kowa: mai farfaɗiya kan ciji gefen harshensa. A nan ma kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki, a kwantar da shi ta gefe har ta sake shi.

Maman Hanif: Abu biyu ne haƙuri ba ya aiki a kansu ko kaɗan. Na farko, gyambon da ya kai mako uku bai warke ba, ko mai taurin gefe, ko wani ja ko farin tabo da ya ƙi tafiya, ko ƙullutu a wuya, musamman ga mai shan sigari, mai sa taba gari a baki ko mai shan giya. Kansar baki sau da yawa tana farawa ba zafi, shi ya sa ake zuwa asibiti a makare.

Na biyu, yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, dasashinsa na jini, bakinsa na wari, kumatunsa ya fara kumbura. Wannan yana iya zama cutar noma, wadda ke cinye kumatu cikin 'yan kwanaki. A matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta, tsaftace baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Akwai asibitin yara na musamman dominta a Sakkwato, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. A ranar da aka ga kumburin a ranar ake kai yaron asibiti mafi kusa.

Ɗan Gobir: Na yarda da batun ciwon gaba ɗaya. Amma kan sulhu ina nan kan bakata: a fara kawo maganar, in abin ya maimaitu sai a nemi inda kaifin yake.

Inna Uwani: To ɗana, in za ka kawo ta, ka fara tambayar sau nawa aka yi cizon, kuma ko a wuri guda ne.