Mashin ɗina yana mutuwa idan ya yi zafi: kafireta ce ko wuta?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu sanin inji. Ina da tsohon mashin ɗan China mai inji irin na CG125, ya haura shekara goma. Da safe shuri biyu ko uku yake tashi idan na ja cok. Amma da na yi minti goma sha biyar a kansa, musamman cikin cunkoson Kejetia a nan Kumasi, ina sakin totur sai ya mutu, kuma ba ya sake tashi sai ya huce. Na canza fulogi sau biyu, kowanne ya fito baƙi ƙirin, busasshe. Kik ɗin ma ya yi laushi, ba ya turjewa kamar da. Abin da ya ɗaure min kai shi ne injin ya yi shiru, ƙarar tik-tik ɗin da yake yi a sama ta ɓace gaba ɗaya. Wani fita, wato makanike, ya ce in sayi sabuwar kafireta da CDI, ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi. Kafin in kashe kuɗi, mene ne zan iya dubawa da kaina a gida?

Tsohon fita na Asawase:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka sayi komai tukuna. Shirun nan da ka ambata shi ne babbar shaida. Injin CG, wanda Honda ta fitar a 1975 kuma kamfanonin China suka kwaikwaya, sanduna ne ke tura bawul ɗinsa, don haka lafiyayyensa yana ɗan tik-tik. Idan ya yi tsit, kik kuma ya yi laushi, tazarar bawul ce ta rufe. Shekara da shekaru bawul na bugun mazauninsa har ya ɗan nutse, tazarar ta cinye. Da ƙarfe ya yi zafi ya kumbura, bawul ɗin ba ya rufewa ruf, matsi ya zurare, mashin ya kasa riƙe silo, wato aikin inji idan an saki totur.

Ka bari ya kwana, ka yi aikin da asuba inji na sanyi ƙalau. Ma'aunin da aka yi da zafi ƙarya ne. Kana buƙatar filageji (siraran ganyen ƙarfe na auna tazara), sifana 10, ƙaramar filaya, da sifanar fulogi 18. Cire fulogi don inji ya juya da sauƙi, sannan ka kwance murfin saman inji. A gefen hagu akwai ƙaramin murfi na leƙa magineto, buɗe shi. Ɗora mashin a kan sitan na tsakiya, sa giya ta ƙarshe, ka riƙa juya tayar baya gaba a hankali.

A nan mutane ke ɓata aikin. Alamar T da ke jikin magineto tana zuwa sau biyu, ɗaya ce kawai taka. An saba cewa ka nemi wadda hannayen bawul biyu ke motsi, amma naka da ya matse ba lallai su motsa ba. Don haka zuba ido kan bawul ɗin ɓangaren kafireta: ya sauka, ya dawo sama, to T ɗin da ta biyo baya ita ce. Daidaita ta da tsagar da ke jikin murfin. Kada ka tsaya a F, wannan ta lokacin wuta ce.

Tazarar 0.08 milimita ce, bawul na shigar mai da na fitar hayaƙi duka. Wasu littattafan 'yan China suna rubuta 0.05, idan littafinka na nan ka bi shi, amma ga tsohon inji a zafin Kumasi na fi son 0.08. Sassauta notin kulle da ke kan hannun bawul, juya ɗan sukurun tsakiya har ganyen filageji ya shiga yana ɗan ja, kamar kana zare takarda daga ƙarƙashin kofi. Riƙe sukurun da filaya ka ɗaure notin, sannan ka sake aunawa, domin ɗaurin yakan ja shi. Idan 0.08 ta shiga, 0.10 ta ƙi, ka samu.

Fulogi kuma D8EA ne, tazararsa 0.6 zuwa 0.7. Fara murɗa shi da hannu, kan silinda alminiyam ne, zarensa ba ya jure ganganci.

Mai gyaran kafireta, Sawaba:

Baba ya faɗi gaskiya, bawul ne farko, domin duk saitin da ka yi wa kafireta a kan matsattsen bawul aikin banza ne. Sai dai baƙin fulogin nan bawul kaɗai bai isa ya bayyana shi ba. Busasshen baƙi kamar gawayi yana nufin mai ya rinjayi iska. Da baƙin mai sheƙi ne mai maiƙo, da sai mu ce baƙin mai ne ke hawowa ta zoben fistan.

Fara da filtar iska. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana toshe soson filtar har ya zama kamar ka bar cok a ja. Wanke shi da kananzir, matse shi a tafin hannu, kada ka murɗa shi kamar wanki, zai yage. Idan ya bushe ka ɗiga masa man giya kamar cokali ɗaya, ka mulmula ya game ko'ina, ka matse rarar. Idan yana marmashewa a hannu, jefar da shi. Kuma don Allah kada ka yi tafiya babu filta wai don mashin ya sha iska, ƙurar kai tsaye take cin zobe da silinda. Duba cok ɗin ma, ko yana komawa har ƙarshe.

Sannan mai. A gindin kwanon kafireta akwai sukurun zubarwa. Tara kwalba mai haske ka kwance shi. Idan da ruwa, za ka gan shi kwance a ƙasa, fetur a samansa. Mashin da ke kwana a waje da damina, robar murfin tankinsa ta tsufa, da wuya ka rasa ruwa da tsatsa a ciki. Ƙaramar filtar mai ta kan tiyo tana maganin tsatsar. Wani gwaji mai sauƙi: da zarar ya mutu, buɗe murfin tanki. Idan ka ji ya ja iska fuu, kuma mashin ya tashi, ramin numfashin murfin ne ya toshe.

Idan ka kwance kwanon, jet biyu za ka gani: babba a tsakiya, da siriri na silo a gefensa. Siririn ne ke riƙe inji idan ka saki totur. Ɗaga shi ga rana, dole ka ga haske zagaye. Kada ka zura masa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe, tagulla ne, ramin zai faɗaɗa ya riƙa shan mai har abada. Feshin wanke kafireta ya isa, in ya ƙi sai ka zaro sili ɗaya daga cikin wayar lantarki mai laushi. Duba bakin allurar fulot, idan ya yi zobe kamar an ɗaure shi da zare, ba ya tare mai, kwano na cika fiye da kima. Allurar totur kuma tana da tsaga biyar, ƙaramin kilif ɗin a ta tsakiya yake zama. Sau da yawa za ka tarar wani ya saukar da shi ƙasa don neman gudu, allura ta ɗago, mai ya yi yawa.

Saitin sukurun haɗi: murɗa shi ciki har ya taɓa a hankali, ban da ƙarfi, sannan ka dawo da shi juyi ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan yana ɓangaren filta, na iska ne, fito da shi yana rage mai. Idan yana ɓangaren inji, na mai ne, fito da shi yana ƙara mai. Bari inji ya yi zafi, ka riƙa juyawa rubu'i-rubu'i, kana jira daƙiƙa goma tsakani, har ka sami inda ƙarar ta fi tashi kuma ta daidaita. Daga nan ka sauke silo da babban sukurun zuwa wajen juyi 1,400 a minti.

Tsohuwar kafiretarka da aka wanke ta fi sabuwa mai arha wadda ba ka san lambar jet ɗinta ba.

Mai waya, Tafo:

Ni ban cire wuta daga lissafi ba, Masta. Kwayil ɗin da ya tsufa yakan yi aiki da sanyi ya yanke da zafi, kuma raunin wuta ma yana baƙanta fulogi. Gwajin ba ya cin ko sisi, amma sai a daidai lokacin da ya mutu. Riƙe tsohon fulogi a aljihu. Yana mutuwa, zare hular fulogi ka sa shi, jingina shi da jikin inji nesa da kafireta, ka shura. Wuta shuɗiya mai ƙara tas-tas, to bar zancen CDI. Ja-ja mai rauni ko babu sam, sai a bi waya.

Fara da hular: murɗe ta daga wayar, yanke santimita ɗaya daga bakin wayar inda ya yi tsatsa, ka mayar. A mita hular tana ba da wajen om 5,000. Yawancin waɗannan mashina launin wayar Honda suke bi: kore na ƙasa, baƙi da rawaya zuwa kwayil, baƙi da ja daga magineto, baƙi da fari na kashewa. Wannan ta ƙarshe idan ta goge tana taɓa ƙarfe a wuyan mashin, tana kashe wuta. Auna baƙi da ja da sanyi, ka sake aunawa da zafi, idan mita ta nuna ya yanke, kwayil ɗin cikin magineto ne.

In ma ta kama sai an sayi CDI, tafi da tsohon a hannu. Akwai mai cin wutar magineto, akwai mai cin ta batir, soket ɗinsu na iya kama amma ba sa maye gurbin juna.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka da alheri. Na auna da asuba. Bawul na fita ko 0.03 bai shiga ba, na shiga 0.04. Na mai da su 0.08, kik ya dawo da ƙarfinsa. Filtar kuwa kamar an tono ta daga ƙasa. Na je Ejisu na dawo bai mutu ba, fulogi ya koma ruwan ƙasa. Saura idan na saki totur a gangara salansa na yin tas-tas.

Tsohon fita na Asawase:

Madalla. Tas-tas ɗin yawanci iska ce ke shiga ta inda salansa ta haɗu da kan silinda. Akwai gaskit zagaye a wurin, nemi baƙin hayaƙi a gefensa, ka canza shi, ka ɗaure notocin biyu bi da bi. In bai daina ba, ƙara mai rubu'in juyi a sukurun haɗi.

Amma bawul ɗin fita da ya daɗe a matse ya sha wuta, don haka sake auna shi bayan kilomita 500. Idan tazarar ta sake rufewa, cire kan silinda, ka zuba kananzir ta ƙofar salansa. In ya tsatso ta gefen bawul, kai shi Magazin, unguwar makanikai da ke Suame, a gyara mazaunin, a sa sabon bawul da robar wuyansa, ka sayi sabon gaskit, kada ka mayar da tsohon.

Ka canza baƙin mai ma, tunda fetur ya daɗe yana sauka cikinsa. 20W-50 na mashin mai alamar JASO MA, wajen lita ɗaya, na mota yakan sa kuloci santsi. A ƙasan gefen hagu akwai murfi na sifana 24, bayansa sifirin da 'yar raga. Wanke ragar da kananzir, ka lura da yadda ta fito don ka mayar da ita haka, kuma ka ɗaure murfin a hankali, yana saurin tsagewa.